Yadda Ake Shiga da Yadda Ake Zama Gaban Babban Abokin Ciniki

Wata rana ina zaune a shagon wani dattijo da muke hulɗa a Kantin Kwari, sai ga wani matashi ya shigo da samfurin yadi a leda. Duk shagon babu wanda shaddar jikinsa ta kai tasa tsada. Amma da waya a kunne ya shigo, ya taka darduma da takalmi, kuma ko amsa sallamarsa ba a gama yi ba ya hau jero farashi. Dattijon ya saurare shi har ya dasa aya, ya ce za a duba, Allah ya kai mu. Sai da yaron ya fita sannan dattijon ya gaya mini yadin mai kyau ne, farashin ma ba laifi, amma yaron da ya kasa haƙurin a gama gaisawa, ba ya jin zai iya haƙurin a sayar da kaya kafin a biya shi. Cinikin bai ƙullu ba, kuma na san yaron ya tafi yana zaton farashi ne ya kayar da shi.

Abin ya daɗe yana damuna, domin yaron mai himma ne, kuma irinsa suna da yawa cikin 'yan'uwanmu masu tasowa. Babban abokin ciniki, ko attajiri ne mai sauke tireloli a Singa, ko manajan sayayya a wata masana'anta a Sharaɗa, abu ɗaya yake aunawa tun daga lokacin da ka ɗaga labule: shin wannan zan iya damƙa masa dukiyata in kwanta in yi barci? Hularka da takalminka da yadda ka rusuna duk suna ba shi amsa tun bakinka bai buɗe ba. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi abin daki-daki.

Mataki na 1: Ka san wanda za ka gani, da inda za ku zauna

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu ko uku kafin zaman, ka nemi wanda ya san mutumin. Dattijo ne ko tsaranka? A kujera yake karɓar mutane ko a darduma? Shi ke yanke magana ko akwai wani a samansa? Da wane suna yake so a kira shi? Wannan na ƙarshen kada ka raina shi. Wanda ke riƙe da sarauta, da sarautarsa ake kiransa. Wanda ya saba jin Injiniya ko Dakta ko Barista, in ka ce masa Malam kawai zai ji, ko da bai nuna ba. In ka rasa, Alhaji da Hajiya da Yallaɓai da "ranka ya daɗe" ba sa ɓata wa kowa rai. Ga babba kuwa, "ku" za ka ce, kamar "kun ce a kawo samfur", har sai shi da kansa ya sassauta.

Sai lokaci. Manyan 'yan kasuwa ba su cika zama a shago da sanyin safiya ba, don haka tsakanin ƙarfe 11 da kiran azahar ya fi dacewa, ko bayan la'asar in kasuwa ta lafa. A ofis kuwa ƙarfe 10 na safe ya fi. Kada ka nemi zama ranar Juma'a da rana. A watan azumi ka nemi safiya, kafin jiki ya yi sanyi. Makonnin da ke gaban sallah ɗan Kwari ba shi da lokacin sabuwar fuska, sai dai in kayan sallar ka kawo masa. Ana gobe, ka tura gajeren saƙo: sallama, sunanka, wanda ya haɗa ku, da tunatarwa cewa gobe ƙarfe kaza kana tafe in Allah ya yarda.

Mataki na 2: Tufafin namiji

Ƙa'idar da nake bi ita ce, ka fi kowa tsafta, amma kada ka fi mai gida ado. Wanda ya je neman a ba shi kaya bashi alhali yana sanye da gezna da agogon da ya fi ƙarfin jarinsa, abin da mai dukiya zai raya a ransa shi ne: ga inda kuɗina za su tafi. Wanda kuma ya je a yamutse, za a ɗauka haka zai riƙe kayan mutane.

A Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato, har da mafi yawan ofisoshin Abuja, kaftani da wando da hula sun wadatar. Shadda ce ko yadi mai kauri, duk ɗaya, in dai ɗinkin ya zauna maka: kafaɗa a kan kafaɗa, hannu ya tsaya a wuyan hannu, wando kada ya share ƙasa. Aikin wuya ya zama kaɗan. Launi mai natsuwa za ka zaɓa, irin ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan madara, shuɗi mai duhu ko mai haske. Fari ya fi kowanne kwarjini, amma ka duba hanyarka tukuna. In a adaidaita sahu za ka je cikin ƙurar hunturu, ko cikin taɓon watan Agusta, farar shadda ba za ta isa a yadda ta bar gida ba. Sabuwar shadda ma ka gwada ta tun kafin ranar. Sau nawa mutum yake karɓo ɗinki daga tela da safe ya tarar maɓalli bai shiga ba, ko aljihu a ɗinke? Guga kuwa da daddare ake yin ta, don ba ka da tabbacin wuta da safe.

Babbar riga tana da muhallinta: ranar sa hannu a babbar yarjejeniya, ko zama da basarake, ko kuma in kai ma shekarunka da matsayinka sun kai. Matashin da ya zo gabatar da samfur cikin malum-malum yana ta naɗe hannun riga yana laluben takarda, ya ɗora wa kansa nauyin da ba a sa shi ba.

Hula tana da magana mai yawa. Gaban dattijo ba a shiga kai a buɗe. Zanna ce ko kube ko wata, ta zama wankakkiya, a buge ta ta tsaya, bakinta ba maiƙo. Ka kuma lura da abin da hular take faɗa. A Kano jar hula alamar Kwankwasiyya ce, kowa ya sani, kamar yadda wasu huluna ke ɗauke da tambarin wasu 'yan siyasa. Ra'ayinka naka ne, amma ba ka san inda abokin cinikinka ya karkata ba, kuma ba siyasa ta kawo ka ba. Haka rigar kulob ɗin ƙwallo, a bar ta sai gidan kallo.

Takalmi shi ne abin da matasa suka fi sakaci da shi, kuma shi dattawa suka fi kallo, don idon mai sauraro yakan sauka ƙasa. Sau-ciki na fata, baƙi ko ruwan ƙasa, ka ba mai shushaina ya goge shi. In buɗaɗɗen takalmin fata za ka sa, a yanke farce, a shafa mai, kada faso ya fito. Silifas na roba ba na wannan zama ba ne. Ka tuna kuma a wurare da yawa sai ka cire takalmi a bakin ƙofa, saboda haka safarka ta zama wankakkiya marar huda.

Kwat da wando fa? Suna da wurinsu: banki, kamfanonin waje, ofisoshin Legas. In za ka sa, ta zama taka, wadda aka gyara daidai jikinka, baƙa ko shuɗiya mai duhu ko ruwan toka, da farar riga a ciki. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma kwat ɗin aro tun daga nesa ake gane ta. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Kano ke haura digiri 40, wanda ba shi da mota mai sanyi gara ya sa kaftaninsa ya isa a bushe, da ya sa kwat ya isa sharkaf. Ni ban taɓa ganin inda kaftani mai tsafta ya rage wa mutum daraja ba, har a Legas ɗin, inda ma'aikata da yawa ke sa kayan gargajiya ranar Juma'a.

In kuwa a Dawanau za ku haɗu wajen duba buhunan riɗi ko zoɓo, ko a cikin masana'anta a Bompai ko Challawa, to kayan aiki za ka sa: yadi mai duhu marar yawa, da rufaffen takalmi. Mai sito yana jin daɗin wanda zai sunkuya ya zura hannu cikin buhu ba tare da tsoron ɓata riga ba.

Mataki na 3: Tufafin mace

'Yar'uwa, ke naki ma'aunin ya fi tsanani, domin ana kallonki sau biyu, a matsayin 'yar kasuwa da kuma matsayin 'yar mutunci. Atamfa mai natsattsen zane, ko abaya marar ƙyalli da yawa, ko doguwar riga mai kauri, duk sun yi. Leshi mai duwatsu da gwala-gwalai a bar wa biki. Abin da ya fi muhimmanci shi ne mayafi ko hijabin da zai zauna da kansa. In kina magana kina janyo gyale duk bayan minti ɗaya, hankalinki ya rabu biyu, na mai sauraro ma haka. Ki ɗaure shi da fil tun a gida, ki gwada sunkuyawa da miƙa takarda gaban madubi.

Awarwaro masu ƙara suna katse magana duk lokacin da kika motsa hannu. Takalmi mai tsini ba ya tafiya da lungunan Kwari ko Sabon Gari. Kwalliya kaɗan, lalle ba laifi. Humra da turaren wuta mai ƙarfi na gida ne, wanda za ki fita da shi ya zama mai sanyi ƙwarai.

Sai maganar wurin zama, wadda nake so ki riƙe da kyau. Shago, ofis, ko wurin cin abinci da jama'a ke kai-komo, da rana. Duk wanda ya ce sai da dare, ko sai a ɗakin otal, ba ciniki yake nema ba, komai girman kwangilar. Zuwan farko ki tafi da wani, ɗan'uwa ko ma'aikaciyarki, ki kuma bar wa mutanen gida adireshin wurin. In namiji ya miƙo hannu alhali ba kya musabaha, ki dafa ƙirji da hannun dama, ki ɗan sunkuyar da kai ki gaishe shi da sakin fuska. Kowa ya san ma'anar wannan, har baƙi 'yan ƙasar waje.

Mataki na 4: Jiki da ƙamshi

Wanka, aski, gyaran gemu, yanke farce, asuwaki ko buroshi. Turare fesa biyu ya isa. Ofis mai na'urar sanyi a rufe yake, ƙamshin da ka ji daidai a waje a can zai cika ɗaki, kuma akwai masu asma. Ɗanyar albasa da tafarnuwa da sigari a haƙura da su sai an dawo, goro ma kada a shiga da shi a baki. Ka sa hankici a aljihu saboda gumi, musamman na tafin hannu.

Mataki na 5: Abin da za ka riƙo

Samfur, kuma ya zama ainihin irin kayan da za ka kawo. Takardar farashi kwafi 2 ko 3, mai kwanan wata da ranar da farashin zai daina aiki, tunda kasuwarmu tana motsi da canjin dala. Kwafin rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da lambar haraji, in da kamfani ko ma'aikata za ka yi hulɗa. Lambar NAFDAC in abinci ne ko magani ko kayan shafa. Lambar asusun banki mai sunan kasuwancinka, domin kamfani ba ya son tura kuɗi asusun da sunansa ya saɓa da na takarda. Katin shaida, don a yawancin ofisoshin Abuja sai ka nuna shi ka rubuta suna a bakin ƙofa. Biro mai rubutu da ƙaramin littafi. Duka a cikin fayil ko jaka, ba a baƙar leda ba.

Ka fayyace a takardar ko harajin VAT yana ciki ko babu. Kashi 7.5 cikin 100 ne tun watan Fabrairun 2020, kuma a cinikin naira miliyan 10 wannan naira 750,000 ke nan. Na ga hulɗar da ta lalace a kan wannan kaɗai, kowa yana zaton ɗayan ne zai biya.

Akwai kuma abin da ba a jaka ake sa shi ba. Tun a gida ka lissafa kuɗin saye, da dako, da lodi da sauke, da la'adar dillali, ka san adadin da in aka sauka ƙasa da shi faɗuwa za ka yi. Wanda bai san wannan ba, kwarjinin Alhaji kaɗai zai sa ya sallama a kan asara.

Mataki na 6: Isa, sallama da gaisuwa

Ka isa da minti 15 a hannu. Kada ka ce ai shi ma ba zai zo da wuri ba. Shi in ya makara an jira shi, kai in ka makara an gama auna ka. Ka lissafa cunkoso, in kuma daga Kaduna za ka Abuja a jirgin ƙasa, ka tuna daga tashar Idu zuwa tsakiyar gari akwai sauran tafiya. In ka ga makara ba makawa, ka kira tun lokacin bai cika ba.

Ganawar tana farawa ne daga mai gadi. Ka gaishe shi, ka gaishe da masinja da sakatariya da yaran shago. Wannan ladabi ne da ya wajaba ko ba ciniki, sannan kuma su ne waɗanda mai gida zai juya ya tambaya bayan ka fita, su ne za su ce maka yana nan ko ba ya nan a zuwa na gaba. In aka ce ka jira, ka jira ba tsaki ba duban agogo. Ka kashe ƙarar waya tun a nan, ka cire abin kunne, ka cire baƙin tabarau.

Ka yi sallama ka tsaya sai an amsa an ce ka shigo. Ka dubi bakin ƙofa: in ka ga takalma a jere, cire naka. In wurin wanda ba Musulmi ba ne, kamar 'yan kasuwar Igbo a Sabon Gari ko Indiyawa da 'yan China masu masana'antu, "barka da rana" ko gaisuwar Turanci ta wadatar. Ga dattijo ka rusuna, ka bari shi ya fara miƙo hannu, in ya miƙo ka karɓa da dama, hagu tana tallafe. In bai miƙo ba, rusunawar ta isa. Mace kuwa kada ka miƙa mata hannu. In mutane da yawa ne, ka fara da babba, amma kada ka tsallake kowa, domin sau da yawa wanda ya yi shiru a gefe shi ne mai riƙe da lissafi.

Sannan gaisuwa, wadda ita ce ta kayar da yaron nan na Kwari. Ina wuni, ya kasuwa, ya iyali, ya gajiya, ya zafi ko ya sanyi. Ka amsa nasa a natse, ka bar ta ta kai ƙarshenta. A cikin waɗannan 'yan daƙiƙu ne yake sauraron muryarka, yake gane gidan da ka fito. In wani ne ya haɗa ku, nan ne wurin cewa "Alhaji wane yana gaishe ku". A ofishin kamfani kuma gaisuwa gajera ce, ka lura da yadda mai ofis ya ɗauke ta ka bi shi.

Kada ka zauna sai an nuna maka wuri. In shi a darduma yake, kai ma ƙasa za ka zauna, ko da akwai kujera, sai in ya matsa. Kada ka ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, kada ka miƙe ƙafafu wajensa, kada ka baza waya da makullin mota a kan teburinsa.

Mataki na 7: Magana da ciniki

In ya ce "to, Malam, muna ji", ka faɗi abin da ke tafe da kai cikin minti 2: ni ne wane, ga abin da nake sayarwa, ga amfanin da zai yi muku, ga samfur. Ka miƙa da hannun dama, ka yi shiru ya juya shi ya duba. Shirun nan yana yi wa matasa nauyi, sai su cika shi da surutu har su fara rage farashin da ba a ma taya ba. Ka bar shi ya yi tambaya. Ka tambaye shi kai ma: wa yake kawo muku yanzu, me ya fi damunku, makara ce ko inganci? Abin da ya faɗa ka rubuta a gabansa.

Harshen da ya fara da shi, shi za ka bi. Cusa Turanci gaban wanda ya yi maka Hausa ba ya ƙara maka komai. Ido kuma yana da nasa ladabin. Dattijon Bahaushe ba ya son a ƙura masa ido, ka dube shi ka sauke. Manajan kamfani ko Bature kuwa, in kana ta kallon ƙasa zai ɗauka akwai abin da kake ɓoyewa. In waya ta shigo masa, ka yi shiru ka kau da kai. Taka wayar ba ta da hurumi a wannan zama.

In aka zo farashi, ka faɗe shi sarai ba in-ina. In ya taya ƙasa da abin da za ka iya, kalmarmu tana nan: "albarka". Ba ta ɓata rai, ba ta rufe ƙofa. Ka bi ta da dalili, ka kuma nemi wata hanya, kamar ragi in ya ƙara yawa, ko in zai biya nan take. In ka ce "na sallama", to ka sallama, ko da bayan awa ɗaya wani ya zo da tayin da ya fi.

Abubuwa uku nake roƙonka ka kiyaye. Rantsuwa: hadisi ya tabbata cewa tana sayar da kaya amma tana shafe albarka, kuma gogaggen ɗan kasuwa da ya ji wallahi ta yi yawa sai ya ƙara tsantseni. Ɓoye aibi: in akwai inda kayanka suka gaza, kai ka fara faɗa, domin zai gano, kuma ranar da ya gano da kansa ita ce ranar ƙarshe. Sai zagin abokin sana'a da tona cinikin wasu. In ka gaya masa nawa wane ya saya da bashin da ake bin wane, ya san gobe nasa za ka kai wani shagon. Abin da ba ka da amsarsa kuma, ka ce za ka bincika ka kira kafin magariba, ka kuma kira.

Ka koyi jin abin da ba a faɗa ba. Mutanenmu ba su cika cewa a'a ƙiri-ƙiri ba. "Za mu duba" da "zan neme ka" wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci sallama ce cikin mutunci. Hanyar ganewa ita ce ka tambaya a ladabce: "Ranka ya daɗe, in dawo ranar Talata, ko in kira?" In ya sa rana, akwai magana. In ya ce shi zai neme ka, ka gode ka bar shi. Kai kuma naka "in sha Allahu" ya zo da rana da adadi: katan 200, ranar Alhamis, in sha Allahu.

In dillali ne ya kawo ka, ku gama maganar la'ada tun a waje. Abin da kuka ƙulla kuma a rubuta shi: yawa, farashi, kafin alƙalami, ranar kawowa, ranar biya, wa zai ɗauki dako. Wasu suna jin kunyar cewa a rubuta, wai kamar rashin yarda ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, don haka ba abin kunya a ciki. Lambobi kuma a rubuta su da alƙalami, musamman in da 'yan'uwanmu na Maraɗi ko Damagaram ake ciniki. A bakinsu dala sefa 5 ce, jika kuma sefa 1,000, alhali a Kano in aka ce dala, kuɗin Amurka ake nufi.

Mataki na 8: Ruwa, sallah da kyauta

In aka kawo ruwa ko shayi ka karɓa da dama, ka yi bisimilla ka kurɓa ko kaɗan ne. In wurin cin abinci ne, wanda ya gayyata shi ke biya, kai kuma in baƙo ne kada ka zaɓi mafi tsada, kada ka zaɓi abin da zai ɓata maka hannu da riga. In aka kira sallah a tsakiyar magana, a ajiye maganar. Sau da yawa a hanyar dawowa daga masallaci ake ƙarasa abin da ya gagara a shago. In abokin cinikin ba Musulmi ba ne, ka nemi izinin minti 10, ban taɓa ganin wanda ya ƙi ba.

Kyauta tana da fuska biyu. Ɗan kasuwa mai dukiyar kansa, bayan hulɗa ta yi nisa, ka kai masa turare ko dabino ko kilishi, wannan zumunci ne. Ma'aikacin gwamnati ko na kamfani da takardarka ke kan teburinsa kuwa, kada ka ba shi komai. Tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati karɓar kyauta saboda aikinsa, dokar da ta kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC a 2000 kuma tana kama mai bayarwa da mai karɓa. In shi ya nema, ka ce kasuwancinka ba ya yin haka, ka tattara takardunka cikin ladabi.

In ta bidiyo za a gana

Shigar ɗaya ce, har hula. Haske a gabanka, bango mai tsafta a bayanka, waya a jingine ba a hannu ba, da isasshen caji da data. Ka lissafa bambancin agogo: Dubai tana gaban Najeriya da awa 3, China da awa 7, wato ƙarfe 9 na safe a Kano ƙarfe 4 na yamma ne a Guangzhou. In kuma ido da ido za ka haɗu da ɗan China, da hannu biyu ake miƙa kati a karɓa, ka duba shi kafin ka ajiye.

Mataki na 9: Tashi da abin da ke biyo baya

Ka tashi tun ba a gaji da kai ba. In ya fara duban agogo, ko ya ce "to, madalla" ya tattara takardu, zama ya ƙare. Ka maimaita abin da aka tsayar a taƙaice, ka yi godiya, ka ce Allah ya sa albarka, ka yi sallama da duk wanda ka gaisar. Kada ka tsaya a bakin ƙofa kana buga waya kana ba da labarin yadda aka yi, yaran shago suna ji.

Kafin ka kwanta ranar, ka tura saƙon godiya mai ɗauke da abin da aka yi matsaya a kai, a rubuce, ba doguwar murya ba. In rana ta matso ka ga kaya ba za su iso ba, kai za ka fara kira, kwana ɗaya ko biyu kafin lokacin, ka faɗi gaskiyar dalili da sabuwar rana.

A littafin nan naka kuma, ƙasan farashi da adadi, ka rubuta ƙananan abubuwan da suka fito a hira: ba ya son a kira shi bayan isha'i, ɗansa ne ke duba rasit, mahaifiyarsa ba ta da lafiya. Ranar da ka koma da kaya, bayan sallama, jikin Hajiya za ka fara tambaya kafin ka zaro takarda.